Keji Mai Kusurwa

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama tsohon tela, magana ta zame masa aiki. Ƙafar dama ta dawo, ko da yake jan ta yake yi. Hannun dama ya dawo rabi, yana riƙe cokali amma ba ya iya zura zare a allura. Harshen ne ya ƙi. Kalma tana nan a kansa sarai, amma kafin ta iso baki sai ta ɓata a hanya, ko wata dabam ta fito a madadinta. Ya tashi neman ruwa sai ya ce riga. Wannan fa mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a shago yana zuba surutu da fil a bakinsa, har masu kawo ɗinki suna cewa kuɗin hira suke biya, ɗinkin kyauta ne.

Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa mata kuma kowacce tana gidanta a gari mai nisa. Auta ne ya rufe shagon, ya ɗauko shi ya kawo shi gidansa a hawa na biyu na wani dogon bene. Aka ba shi ɗaki mai tsabta, da gado mai laushi, da taga mai kallon bayan wani benen, inda babu abin gani sai bututun ruwa da igiyar shanya. Auta injiniya ne a wani kamfanin gine-gine, matarsa tana aiki a banki. Ba su rage shi da komai ba. Da safe matar Auta za ta jera masa magunguna a faranti, ta ajiye kular abinci a kan tebur, ta durƙusa ta ce, "Baba, mun tafi. In akwai wani abu ka danna lamba ɗaya a waya." Daga nan ƙofa ta rufe, takunsu ya sauka, gida ya yi tsit sai ƙugin firji.

Malamar asibitin da ke koya masa magana ce ta ce wa Auta, "Matsalar Baba yini yake yi bai buɗe baki ba. Harshe sai da motsi. Ya riƙa magana ko da bango ne."

Auta ya ce bango ya yi tsauri. Ranar hutunsu suka fita shi da matarsa, suka dawo da wani ɗan aku kore, bai fi tafin hannu ba, mai ɗigon shuɗi a kumatu. Matar Auta ce ta zaɓi kejin, kuma da ganin yadda take riƙe da shi ka san ta sa ranta. Mai zagaye ne, dogo, ruwan zinare, samansa a dunƙule kamar murfin tukunya, da ƙugiya a ƙoli. Suka rataye shi a wani ƙarfe tsakiyar falo, inda za a gan shi ta ko'ina.

"Baba, ka ga yadda ya shiga da labule?" in ji ta.

Ya duba, ya ga gaskiyarta. Ya haɗa ƙarfinsa ya ce, "Kyau."

Suka yi ta murna da kalmar kamar ya ci jarrabawa.

Washegari da aka bar su su biyu, ya jawo kujera ya zauna gaban kejin. Ya yi wa tsuntsun sallama, ta fito a karkace. Ya ji kunya, ya waiga, sannan ya tuna babu kowa. Akun bai ko dube shi ba. Zagaye yake yi. Ya kama wayar kejin da baki, ya ja jikinsa, ya kama ta gaba, ya bi kejin ya dawo inda ya faro, ya sake. In ya sauka a kan sandar da aka gitta masa, ba ya daɗewa, sai ya juya nan, ya juya can, ya sake hawa. In mota ta yi ƙaho a ƙasa, ko iska ta kaɗa labule, kejin ya ɗan yi lilo, sai ya bazama yana dukan waya da fukafukai.

Tsoho ya ce a ransa baƙunta ce, shi ma makonsa na farko a gidan nan bai yi barcin kirki ba. Amma kwanaki suka wuce abin bai sake ba. Tsabar da ake zuba masa rabi yake ci. Gashin jelarsa ya fara tsagewa saboda gogar waya, don duk inda ya juya jelar sai ta taɓa. Bai taɓa yin kuka mai daɗi ba, sai wani ɗan ƙara guntu.

Idon tela ba ya tsufa. Ya lura da yadda wayoyin suke: a ƙasa akwai tazara tsakaninsu, amma suna hawa suna matsewa, har su haɗu a ƙoli kamar tattarar wuyan riga. Can kuwa akun ya fi son zuwa, ya maƙale, kansa a ƙasa, yana lalube da ƙafa. Abin bai kwanta wa tsoho ba.

Da yamma suna cin abinci ya ajiye cokali ya nuna kejin.

"Wannan... sama... ya..."

"Ya yi sama da yawa?" in ji Auta. "Za a sauko da shi, Baba."

Ya girgiza kai. "Tsun... ba ya..."

"Ba ya magana? Ai sai a hankali. Mai shagon ta ce sai ya saba."

"Ko ƙarar ce take damunka, Baba?" matar Auta ta tambaya. "In tana hana ka barcin rana sai a rufe shi da zane."

Haka suke yi masa, kuma don ƙauna suke yi. Ba sa son ganin yana kokawa da kalma, sai su yi maza su miƙo masa wata. Shi kuwa in aka miƙo masa uku babu tasa a ciki, sai ya gaji ya karɓi ta kusa. Ya ce, "To," ya ɗauki cokalinsa.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, yana gyangyaɗi a kujera. Wani irin ƙara ya tashe shi, ba irin wanda ya saba ji ba. Akun yana rataye a ƙolin kejin da ƙafa ɗaya, yana juyi yana fiffika, gashi yana tashi. Yatsarsa ta shige inda wayoyi biyu suka matse, duk fizgar da ya yi sai ta ƙara shigewa.

Tsoho ya miƙe da sauri har sandarsa ta faɗi. Ya buɗe 'yar ƙofar kejin, ya tura hannun hagu, amma ƙofar ƙarama ce kuma ƙolin yana da nisa, kejin kuma sai juyawa yake a ƙugiyarsa. Ya tokare shi da ƙirji. Ya lalubo cokalin da ke kan tebur, ya riƙe da hannun daman nan mai rawa, ya cusa gindinsa tsakanin wayoyin daga waje. Sau biyu cokalin yana suɓucewa. A na uku ya murɗa, wayar ta buɗa kaɗan, tsuntsun ya faɗo cikin tafinsa na hagu, nan take ya kafa masa baki a babban yatsa. Tsoho bai sake shi ba. Yana jin zuciyar ɗan abin tana bugawa a hannunsa, tasa ma haka.

Farcen akun ya tsage, jini yana ɗiga, nasa da na akun, a kan tayil. Ba zai mayar da shi cikin kejin nan ba. Ya ja ƙafa zuwa ɗakinsa, ya zazzage kwalin takalmin da Auta ya saya masa, ya huhhuda murfin da almakashi, ya shimfiɗa hankici, ya sa shi ciki. Ya zauna bakin gado yana haki.

Da numfashinsa ya daidaita ya ɗan ɗaga murfin ya leƙa. Akun ya tafi can lungun kwalin, ya manna bayansa a kusurwa, ya ɗaga ƙafar mai ciwo, ya kumbura gashinsa. Idonsa yana lumshewa. Tun da aka kawo shi gidan, tsoho bai taɓa ganin sa zaune wuri ɗaya haka ba.

Ya dubi waya. In ya danna lamba ɗaya, Auta zai ɗauka a tsakiyar hayaniyar aiki, ya yi ta cewa "Baba, lafiya? Ka faɗi ne? Kanka ne?" shi kuwa ba zai iya fitar da ko kalma biyu a jere ba. Ya mayar da wayar kan gado. A jikin ledar tsabar akwai sunan shagon da titinsa. Ya yanke wurin da almakashi ya sa a aljihu. Ya ciro guntun allin ɗinki daga tsohuwar jakarsa, ya zana wani abu a bayan murfin kwalin. Ya sa hula, ya ɗauki sanda, ya rungumi kwalin.

Bai taɓa sauka benen nan shi kaɗai ba. Ya bi shi a hankali, ƙafar hagu ta fara, ta dama ta biyo, kafaɗarsa tana gogar bango. A bakin titi ya ɗaga sanda, wani mai tasi ya tsaya. Ya miƙa masa guntun ledar. Direban ya karanta, ya dubi kwalin mai huji, ya ce, "Baba, in dai ba maciji ba ne, shigo."

Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran waya da mai wankin kaya. Warin tsaba da kukan tsuntsaye suka tare shi tun daga ƙofa. Mai shagon wata mace ce mai jiki, ta manyanta, da tabarau a kan hanci. Tana zaune tana ɗura wa wani ɗan tsako abinci da sirinji, hannuwanta duka biyu a cike.

"Sannu da zuwa, Baba. Zauna ga benci. Me ake bukata?"

Ya zauna. Ya buɗe baki. "Tsun... tsuntsu... ya..."

Ya dakata, yana jiran ta miƙo masa kalma. Ba ta miƙo ba. Idonta yana kan tsakon, tana ɗiga masa abinci kaɗan-kaɗan, kunnenta yana wajensa. Ya sake motsa leɓe, kalmar ta ƙi fitowa.

"Ina jin ka," ta ce. "Wannan ma ba sauri yake ba."

"Ya... maƙale. Ƙafa. Sama."

Ta ajiye sirinjin ta goge hannu. Ta buɗe kwalin, ta kama akun da wani irin riƙo da bai ba shi damar cizo ba, ta duba yatsar a gaban haske. Ta ce ƙashin bai karye ba, farcen ne, zai warke ko da ya ɗan karkace. Ta wanke wurin, ta barbaɗa wani farin gari, jinin ya tsaya. Sannan ta dubi babban yatsan tsoho ta yi dariya. "Kai ma ya sallame ka. Kawo nan." Ta manna masa filasta.

"Keji mai zagayen nan ne ko? Ruwan zinare?"

Ya gyaɗa kai.

"Na tuna su, wani saurayi da matarsa. Irinsa ya fi tafiya a shagon nan, don shi ya fi kyau a ido. Ni da za a bi tawa, furen roba za a riƙa sawa a ciki."

Ya juya murfin kwalin ya nuna mata zanensa. Akwati ne mai kusurwa huɗu, layukan sun ɗan yi rawa, ya yi wa kusurwa ɗaya alama da gicciye kamar yadda yake yi a yadi.

Ta daɗe tana duba. "Wa ya gaya maka?"

Ya nuna akun da ke lafe a lungun kwali.

"To ai shi ke nan, ya gaya maka daidai. Tsuntsu yana son inda zai jingina bayansa, ya san ta gaba kawai abu zai zo masa. A mai zagaye duk inda ya juya fili ne, shi ya sa ba ya hutawa. Taso ka gani."

Ta kai shi bayan shagon inda kejuna suke jibge har rufi. Ta fara sauko da wani dogo siriri. Tsoho ya auna faɗinsa da tafin hannu, taƙi ɗaya da 'yan yatsu. Ya buɗe hannuwansa kamar fukafukai, ya girgiza kai.

"Haka ne," in ji ta. "Ba sama yake tashi ba kamar hayaƙi, gefe yake zuwa. Tsawon nan asara ne."

Ta nuna masa wani mai rufi kamar na gida, da 'yan tagogi da lanƙwashe-lanƙwashen ado. Ya yi kyau, har ya tuna matar Auta. Amma da ya bi lanƙwasar da yatsa sai ya ji inda waya ta matse, irin wurin da ya san sharrinsa. Ya ture shi.

Na ukun yana can ƙasa, ƙura ta rufe shi. Fari ne, shimfiɗaɗɗe, faɗinsa ya fi tsayinsa, samansa a baje, babu ado ko ɗaya. Tsoho ya duƙa da ƙyar. Ya gwada tazarar wayoyin da ɗan ƙaramin yatsansa, a sama, a tsakiya, a ƙasa, duk ɗaya, kuma kan aku ba zai shiga ba. Ya shafa mahaɗin ƙarafan da babban yatsa yana neman kaifi, kamar yadda yake shafa bayan ɗinki yana neman ƙulli. Ya kankare fentin da farce, bai ɓare ba, babu tsatsa. Ƙofar babba ce, hannunsa ya shiga har gwiwa ya kai kowane lungu.

"Wannan," ya ce. Ta fito sumul.

"Kada a rataye shi," ta ce tana goge ƙurar. "A ɗora a kan tebur, bayansa a jikin bango, daidai ƙirjin mutum. Ban da bakin taga inda rana ke duka, ban da kusa da kicin." Ta ƙara masa reshen itace guda biyu masu kauri dabam-dabam. Ya biya, ta fita da kanta ta tsayar masa da tasi, ta sa kejin a kujerar baya. "In tsaba ta ƙare ka zo da kanka, Baba. Kada ka aiko."

Tun daga nesa ya hango motar Auta a ƙofar bene. Ashe matar Auta ta kira wayarsa ba a ɗauka ba, ta kira mijinta, ya baro aiki ya taho. Ya tarar da keji a buɗe, kujera a ture, jini a tayil, babu Baba. Ya riga ya zagaya unguwa, ya leƙa kantin magani, yana shirin tafiya asibiti. Da ya ga mahaifinsa yana fitowa daga tasi da kwali a hammata, sai ya taho a guje, hankalinsa a tashe.

"Baba, ina ka shiga? Ka san halin da ka sa mu? Jinin mene ne a falo? Ka faɗi ne? Me ya sa ba ka kira ni ba? Da mota ta..."

"Na je..."

"Asibiti? Kai kaɗai?"

"Tsun..."

"Tsuntsun ya gudu ka bi shi? Baba, don tsuntsu? Ai sai a sayi wani."

Tsoho ya buga sandarsa a ƙasa. Ba da ƙarfi ba, amma Auta ya san bugun, tun yana yaro da ma'aunin katako ake yin sa a kan teburin yanka.

"Bari... in... gama."

Auta ya tsaya cak. Mai tasi ma da ke sauke keji ya tsaya. A nan bakin titi, motoci suna wucewa, tsohon tela ya ba da labarin tun daga farko. Ya ɗauki lokaci. Wasu kalmomin sun fito a juye, ya koma ya gyara. Sau biyu leɓen Auta ya motsa, ya cije. Da aka kai ƙarshe Auta ya sunkuyar da kai, ya share ido da bayan hannu, ya ɗauki kejin ya yi gaba.

Matar Auta ta dawo ta tarar da farin akwatin waya a falonta. Ta dube shi, ta dubi nata mai ruwan zinare da aka jingine a bayan ƙofa, fuskarta ta ɗan canza. Auta ya nuna mata yatsar akun. Ta shiga ciki ta cire takalmi, ta dawo ta kwashe hotunan da ke kan teburin jikin bango, ta shimfiɗa tsohuwar jarida.

"Nan ya yi, Baba?"

Ya ce ya yi.

"Amma fa kamar kejin kaji," ta ce, tana dariyar da ba ta gama hucewa ba.

Ba wani abu mai yawa ne ya sauya a gidan ba. Auta ya yi 'yan kwanaki yana jiran mahaifinsa ya gama magana, daga baya gaggawar safiya ta mayar da shi halinsa, sai in ya tuna ya kama bakinsa. Ya kuma roƙe shi kada ya sake fita shi kaɗai, tsoho ya ce to, bai ce ya yarda ba. Ƙofa tana rufewa da safe kamar kullum, yinin yana da tsawonsa.

Akun bai koyi magana ba. Yatsar ta warke a karkace. Ya zaɓi kusurwar hagu ta baya ta zama wurin barcinsa, da rana kuma yana tsallakawa daga wannan reshe zuwa wancan, fiffike biyu ko uku, ya dawo. Tsoho yana zama kusa da shi yana ba shi labarin masu kawo ɗinki, wanda ya yi ƙiba ya ce yadi ne ya tsuke, da wadda ta canza ra'ayi bayan an yanka. Wani labarin yana kaiwa ƙarshe, wani yana tsayawa a tsakiya, babu mai tambaya.

Wata rana da hantsi, an yi zafi, ya sa masa ruwa a murfin roba mai faɗi. Akun ya daɗe yana kallon ruwan ta ido ɗaya. Ya tsoma baki, ya tsoma ƙirji, sannan ya faɗa ciki gaba ɗaya yana karkaɗa jiki, ruwa ya fantsama a bango, a tebur, har a gilashin idon tsoho. Ya fito a jiƙe, ya zama ɗan mitsitsi kamar an matse tsumma, ya hau reshe yana gyara gashinsa ɗaya bayan ɗaya. Tsoho ya juya zai ce wa wani ya zo ya gani, babu kowa a gidan. Sai ya cire gilashin ya goge da bakin riga, ya tashi ya nemo tawul, don ya share bangon kafin matar Auta ta dawo.